Kawu Ummaru da Kazar da Ba Ta Ga Mai Ba

Ku da kuka san Kawu Ummaru Tela, kun san ba ya sa hannu a abinci sai ya karkata kwano. Ko a gidan wa aka kawo masa, biki ne ko suna, sai ya ɗaga kwanon da hannu biyu, ya juya shi wajen haske kamar mai duba shadda, ya jira man da ke cikin miyar ya gangaro gefe guda. Sannan ya girgiza kai a hankali.

"Wagga miya ta, ko gulbi na?"

Daga nan sai ya laluba aljihun gaba, inda tef ɗin awo da guntun alli suke, ya fiddo murfin kwalbar lemo ya nuna wa mai gida. Murfin nan shi ne ma'aunin mansa. Biyu ake zubawa a tukunya, ko mutum nawa za su ci. In baƙi suka sauka, a ƙara wake, a ƙara albasa, a ƙara kabewa, amma mai yana nan a murfi biyu. Kai, Kawu! Kunyar da muka sha a gidajen mutane saboda murfin nan, Allah kaɗai ya san yawanta.

Ni ce Balki, ɗiyar ƙanwarsa. A gidansa na Boɗinga na tashi tun ina shekara shida, shi da matarsa Inna Hajo suka riƙe ni har aka kai ni ɗakina a Shagari, inda nake koyarwa a firamare. Don haka in na yi masa tsiya yau, tsiyar gida ce, kuma da yana nan da tuni ya rama.

Abin da ƙananan cikinmu ba su sani ba shi ne, Kawu bai tashi da wannan hali ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana taka keken ɗinki a kasuwar Boɗinga, bai san inda ake rataye ludayi a gidansa ba. Ciwon Inna ne ya shigar da shi madafa.

Wata safiya tana wanke-wanke sai kwano ya suɓuce daga hannunta na hagu. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sake suɓucewa. Kafin azahar bakinta ya ɗan karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne, ga suga kuma ya daɗe a jikinta ba a sani ba. Allah ya taƙaita, bakin ya dawo, hannun ne dai bai koma daidai ba. Ranar da za a sallame ta, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu, ni da Kawu, ta ce magani kaɗai ba zai yi ba. A rage mai, a rage gishiri, a rage tuwo, a ƙara abinci mai gina jiki: kaza marar fata, wake, ƙwai, ganye. Ta ce in aka ci gaba da ci yadda aka saba, abin zai dawo, kuma na biyu ba ya zuwa da sauƙi irin na farko.

Muka fito bakin ƙofa ni da Kawu. Nan ya tsaya, hannu a baya.

"Balki, yarinyag ga gaskiya ta hwaɗi. Ni na san ƙugun kowa garin ga. Wanda nika ƙara ma inci biyu kowace Salla, inci biyu kowace Salla, ƙarshe likkahwani nika yanka mai. Na daɗe ina gani, ban san mi nika gani ba."

'Ya'yansa maza biyu suna nesa wajen aiki, ni kuma ga goyo ga makaranta a Shagari. Sai matan unguwa suka raba kwanaki, kowace da ranar da za ta aiko wa Inna abinci. Allah ya saka musu da alheri, amma tausayi ya yi musu yawa. Kwana huɗu kacal, Kawu ya shigo ya tarar da maƙwabciyarmu Gwaggo Mairo tana tsiyaya wa Inna soyayyen mai a kan shinkafa.

"Mairo, mi kika yi haka?"

"Yo Malam, marar lahiya ta. A bar ta ta ji daɗin bakinta mana."

"Daɗin bakin na yak kai ta asibiti."

Ya yi mata godiya, ya wanke kwanon da kansa ya mayar. Washegari ana sallame la'asar ya rufe shago, ya naɗe hannun riga, ya shiga madafa yana ɗan shekara sittin da uku.

Ina gidan ranar, don Asabar ce. Na miƙe in kama masa, ya ce in zauna in gani. Ya ɗaye fatar kaza a tsanake kamar mai warware ɗinki, ya yayyanka ta a tukunyar ƙasa, ya watsa ɗanyen wake a kai, ya juye kindirmo ƙwarya guda, ya rufe, ya hura wuta.

Na ce, "Kawu, waken fa, ai sai an..."

Ya ce, "Ke malama ta can makaranta. Nan ni am malami."

To, da aka sauke, kindirmon ya tsinke ya zama ruwa da gudaji, waken kuwa in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Inna ta kai loma guda, ta tauna, ta tauna, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Malam, in kashe ni kaka son yi, bar ciwon shi yi aikinai. Ya hi ka tausai."

Na yi dariya har na ƙware. Kawu ko gezau. Ya jawo tukunyar gabansa ya cinye tas, ana jin ƙarar wake a haƙoransa tun daga zaure. Da ya gama ya ce rigar farko da ya ɗinka a duniya hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma bai bar keke saboda haka ba. Inna ta ce ai rigar ba ci aka yi ba.

Muna dariya ne, amma abin ba na dariya ba ne. Inna ta daina ci. Abin da aka hana ta shi ranta ke so, abin da aka yarje mata ba ya wuce maƙogwaronta. Cikin sati biyu zaninta ya fara yi mata yawa, idanunta suka faɗa. Tela ba ya bukatar a gaya masa mutum ya rame. Na sha ganin Kawu yana kallon wuyanta a sace, sai ya kau da kai.

Ya yi kusan wata yana gwaji, kuma duk abin da ya ɓaci shi yake cinyewa. Ya je wajen mai tuwo-tuwo a kasuwa ya tambayi yadda ake sa wake ya nuna da wuri, ta yi masa dariya ta gaya masa. Ya tare Bafulatanar da ke kawo nono daga wajen Dingyaɗi, ta ce masa kindirmo ba ya son doguwar wuta, a ƙarshe ake sa shi. Abin da ya rage masa shi ne gashi. Ma'aikaciyar jinyar ta ce a birni irin wannan abinci a obin ake sa shi, wato murhun gashi na zamani, zafi ya kama shi ta ko'ina ba sai an soya ba. Kawu ina ya ga obin? Sai wata rana yana guga a shago da dutsen gugar gawayi, ya tsaya yana kallon garwashin da ke ciki, da rigar da ke ƙarƙashi. Abokan zamansa sun ce tsalle ya yi.

"Wuta sama! Wuta sama, wuta ƙasa!"

Suka ɗauka gobara ce, har wani ya ɗauko bokiti.

Ga yadda dahuwar kazar ta zauna daga ƙarshe, yadda ya koya min daga baya, don na san wasunku za su tambaya. Kafin ya fita da safe zai jiƙa wake, ya murje masa ɓawo. Kazar ya ɗaye mata fata, ya cire kitsen da ke maƙale a jikinta, ya shafa mata citta da tafarnuwa da masoro da ruwan lemon tsami, ya rufe a wuri mai sanyi. In ya dawo bayan la'asar ya ba waken rabin dahuwa. Ya zuba mai murfi biyu a tukunyar ƙasa, ya yanka albasa da yawa, don ya ce mutumin Boɗinga ba ya rowar albasa, ya bar ta ta yi laushi. Sai kaza, sai wake, sai tattasai da ɗan attarugu, sai kabewa yanka manya. Kabewar ce ke narkewa ta ba romon kauri, har ka rantse mai ne. Daddawa ce a madadin dunƙule, gishiri kuwa abin da yatsa biyu suka ɗauka. In ta kusa sai ya watsa zogale, ya kaɗa ƙwai biyu cikin kindirmo ya malala a sama, ya kifa faranti na ƙarfe, ya ɗora garwashi a kai. Ya yi alwala ya tafi masallaci. Kafin ya dawo daga magariba saman ya yi ja, ya kama jikinsa, ƙamshi ya cika gidan.

Ranar da ta fara yi masa daidai ina wurin. Inna ta ci shiru, ba yabo ba suka. Da kwanon ya ƙare sai ta leƙa wajen murhu ta ce, kamar ba da kowa take ba, "Akwai saura ƙasan tukunyag ga? Kar ta kwana ta lalace."  Kawu ya tashi ya kankaro mata har ƙanzon. 

Tun daga ranar ya samu abin faɗa. Duk wanda ya yi masa maganar mai, amsa guda ce: "Mai gina jiki muka so, ba mai gina tumbi ba." Har yaran gidanmu suka haddace, suna rera ta kamar karatun allo.

To amma fa ba kowace kaza ce ke shiga tukunyar Kawu ba. Kajin gidan gona, waɗannan farare masu nauyi, ko kyauta ba ya karɓa. Ya ce kazar da ba ta taɓa tafiya ba tun da aka ƙyanƙyashe ta, mai hawan jini ce ita ma. Wata ranar kasuwa ya zo gaishe ni a Shagari, ya ce in raka shi layin masu kaji. Muka tsaya gaban wani mutumin Mandera mai jiki, da kajinsa ɗaure a ƙasa. Kawu ya ɗaga wata ja, ya matsa ƙirjinta, ya hura gashin cikinta, ya ajiye.

"Kwance ta in ga tahiyatta."

"Baba, kaza ta fa, ba doki ba."

"Kwance ta dai. Kitse ba shi ɓoyuwa ga mai tahiya."

Mutumin ya dube ni, na kau da kai. Ya kwance. Wayyo Allah! Ƙafarta na taɓa ƙasa ta zura, ta bi ta ƙarƙashin babura, ta haye tiren mai tumatir, ta ratsa layin masu hatsi. Mai kaji ya tattare riga ya bi ta, tumbi na gaba yana biye. Kasuwa ta ɗauki ihu. Kawu yana tsaye, hannu a baya, yana gyaɗa kai.

"Madalla! Kin gani, Balki? Wagga ba kitse jikinta."

Can sai ga mutumin ya dawo yana haki, gumi har gemu, da jar kaza a hammata. Ya dire ta gaban Kawu bai iya magana ba. Kawu ya sunkuya ya duba, ya duba ƙafa, ya duba tukku.

"Ba ita ba ta."

"Baba!"

"Waccan tana da baƙi ga wutsiya. Wagga ta wani ta."

Bai rufe baki ba sai ga wata tsohuwa da sanda tana salati, tana neman ɓarawon da ya ɗauke mata kaza da rana tsaka. Da ƙyar aka raba. Ta gaskiyar kuwa a saman rumfar masu takalma aka same ta. Kawu ya saya bai yi ciniki ba, ya ce wa mai kajin ya gode wa Allah, yau ya rage inci guda ba magani. Da aka kai ta Boɗinga aka dafa, sai da ta ci gawayi ninki biyu kafin ta yi laushi. Inna ta ja tsoka ta ja, ta ce, "Malam, kazag ga har cikin tukunya gudu taka yi."

Sai maganar fata. Kun san Kawu ba ya yar da komai. Guntun yadi ya tara ya yi matashin kai, guntun zare ya naɗe a tsinke. To mutumin da ke haka, ina yake kai fatar kaza sau uku a sati? In aka tambaya sai ya ce kyanwa. Kyanwar gidan kuwa kullum ƙara ramewa take.

Wata rana aka tashe mu da wuri daga makaranta, na hau mota na zo ba sanarwa. Inna na barci a ɗaki. Na ji wani ƙamshi daga bayan rumbu, irin wanda gidan ya daɗe bai ji ba. Na zagaya. Ga Kawu a tsugune gaban ɗan kasko, fatar kaza tana soyuwa cikin man kanta har ta yi ƙarau, ga ƙullin yaji a gefe, bakinsa yana sheƙi.

"Kawu!"

Ya zabura har hula ta faɗi. "Ke! Ba a sallama gidanku?"

"Kyanwar ke nan?"

"Ɗanɗana mata nika yi, kar yaji shi yi mata yawa."

Na ƙyalƙyale. Ya ce in rage murya, ya ce shi likita bai ce masa komai ba, kuma zubar da abinci haramun ne, in je in tambayi kowane malami. Sannan ya miƙo min guda mafi girma. Na karɓa, Allah ya yafe min, kuma ta yi daɗi.

Amma abin ya tsaya min a rai. Da yamma ina taje wa Inna kai na kasa haƙuri na gaya mata, ina jiran ta yi faɗa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Tun ranar hwarko na sani. Hannuna na yash shanye, ba hancina ba."

"Shi ne ba ki yi magana ba?"

"Mutum ya aje girmanai ya shiga hayaƙi sabili da ke, ki hana mai hwatar kaza? Bar shi, Balki. Kuma kar ki nuna mai na sani. Ɓoyon ya hi mai hwatar daɗi."

Girman da ta ce ya ajiye, ba ƙaramin abu ba ne. Ku maza kun fi ni sanin abin da ya sha a majalisar da ke bakin shagonsa. Da la'asar ta yi ya fara tattara almakashi, sai a fara. Wanda ya fi kowa shi ne amininsa tun na yarinta, Alhaji Garba mai albasa, mutum mai faɗin murya da faɗin jiki.

"Uwargida za a shiga? A gaida tukwane!"

"Ummaru, in ka gama ka zo ka yi muna kitso!"

Kawu ba ya tankawa. Sai dai ya tsaya ya dubi cikin Alhaji, ya dube shi da kyau, ya ce, "Garba, Sallar bana yadi nawa za mu sawo?" Ya wuce.

Aka yi shekara uku ana haka. Wata rana da hantsi, lokacin da babu kowa a majalisa, sai ga Alhaji Garba ya shigo shago ya zauna a kan benci, ba ihu ba tsiya. Ya yi ta kewaye-kewaye, farashin albasa, ruwan bana, sannan ya ce yana da wani maƙwabci da likita ya ce sugansa ya hau, an hana shi kusan komai. Ko Kawu zai faɗa masa yadda ake kazar nan, ya kai wa maƙwabcin?

Kawu ya tsayar da keke. Ya zaro tef daga aljihu ya miƙe.

"To. Ce ma maƙwabcin shi tashi shi ɗaga hannuwa in auna shi."

Alhaji ya dubi tef ɗin, sannan ya tashi ya ɗaga hannuwa.

Ba Kawu ne ya ba ni wannan labari ba. Alhaji Garba ne da bakinsa, ranar ta'aziyyar Kawu, yana dariya yana share ido. Ya ce abin da bai manta ba shi ne, Kawu bai taɓa faɗa wa majalisa ba. A ranar, da la'asar, Kawu ya aika masa da tukunya guda har gida, washegari Inna ta je ta koya wa matarsa. Kuma da aka zauna majalisa, Kawu ya tattara almakashi, ya ga Alhaji ya yi tsit, sai ya ce, "Garba, yau ba a gaida tukwane?" Don kada mutane su gane wani abu ya canza. Alhaji ya ce dole ya ci gaba da yi masa tsiya har shekara guda, kazar Kawu tana cikinsa.

Ni kaina ban koya don lafiya ba, don gajiya na koya. Mai aiki ta san yadda yammacin Litinin zuwa Alhamis yake: ka dawo da ƙurar alli a kai, ga littattafan yara, ga wanki, ga masu jiran abinci. Tuƙa tuwo da kaɗa miya kullum ya fi ƙarfina. Kazar Kawu kuwa tukunya guda ce, in ka haɗa ka rufe ba ta neman ka tsaya a kanta, kuma in yara suka ci ba sa tashi da yunwa ko nauyin ciki. Maigidana ranar farko ya juya cokali ya juya, ya ce, "Man ya ƙare ne a gidan?" Yanzu in kwana uku suka wuce ban yi ba shi ke tambaya. Kawu kuwa da ya samu waya, ya mai da ita sandar duba-gari. Ƙarfe bakwai na safe za ta yi ƙara. Ba gaisuwa.

"Kin jiƙa wake?"

"Ina kwana, Kawu."

"Lahiya lau. Kin jiƙa?"

Ranar sunan autana ma bai bar mu ba. Ya leƙo tsakar gida ya ga mata sun kafa babban kasko, kaji suna iyo a mai. Ya yi salati ya dafa bango. "Bayin Allah, kajin ga sun mutu sau guda hannun mai yanka. Mi sunka yi muku kunka nutsad da su?" Matan suka kore shi da matsami, yana tafe yana waiwaye kamar wanda ya bar 'yan'uwansa a hannun abokan gaba.

Inna ta yi shekara goma sha ɗaya bayan ciwon nan. Bai sake kayar da ita ba. Ta ga auren jikarta ta fari, ta goya 'ya'yana da hannu ɗaya da rabi. Zazzaɓi ne na kwana uku ya tafi da ita, wata damina, Kawu yana riƙe da hannun nan da bai warke ba.

Bayan an share makoki gida ya watse, na je in yi masa kwana biyu. Ya rame, shagon ma ba kullum yake buɗewa ba. Na ce bari in faranta masa. Na sayo kaza ta ƙauye, na jiƙa wake tun safe, da la'asar na zauna a tsakar gida na fara ɗaye fata. Yana kan tabarma yana kallona.

"Balki, aje wuƙag ga."

Na ɗauka wani kuskure na yi. Na ajiye.

"In hwaɗa maki wani abu? Ban taɓa son abincin ga ba."

"Wane abinci?"

"Wanga. Kazag ga. Ko rana guda. Kaza tsirara, ba hwata ba mai, an lulluɓe ta da nono. Wa ka son wanga, don Allah?"

Na saki baki. Mutumin da ya hana garin nan sakat! Na ce, "Kawu, shekara goma sha ɗaya fa kana ci, kana cewa babu kamarta."

"Awo. Kuma tana da amfani, wanga gaskiya na, kar ki bari. Amma daɗi?" Ya taɓe baki. Ya shiga murza bakin tabarma da yatsa. "Tukunya guda muka ci ni da Hajo tun randa anka kawo ta gidan ga. In na aje tuwo da man shanu gabana tana kallo, ƙaƙa nata za shi wuce? Ciwon ni bai kama ni ba. Amma ban iya barin ta cikinai ita ɗai."

 Ina zaune da kaza rabi a ɗaye, hawaye na zuba a kan zanina. Sai ya dube ni.

"To, kuka ba shi ƙosarwa. Akwai garin dawa cikin ɗaki. Ki tuƙa man tuwo, ki kaɗa kuka. Man shanu na wurin Mairo. Ki zuba kamar ba ki san ni ba."

Na tuƙa, na kaɗa, na zuba kamar ban san shi ba. Ya ci malmala biyu, man yana bin hannunsa har gwiwa, yana lumshe ido yana hamdala. Da ya wanke hannu ya nuna ni da yatsa ya ce kada in kuskura in gaya wa kowa sai bayan ransa, yana da mutunci a garin nan.

Bai cika shekara biyu a bayanta ba. To Kawu, na riƙe maka har yau, yanzu kuwa kowa ya ji.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru, ya jiƙan Inna Hajo. Ya yafe musu abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya sanyaya makwancinsu, ya haskaka kabarinsu. Yadda bai bar ta ita kaɗai a nan ba, ya Allah, kada ka raba su a can. Amin.